Zaɓukan gundumomi a Amurka

Zaɓukan gundumomi a Amurka su ne zaɓukan da mazauna kowace gunduma ke yi domin fitar da masu riƙe muƙaman da suka fi kusa da su, kamar kwamishinonin gunduma, mambobin hukumar makarantu, alƙalan kotunan farko, sherif, mai gabatar da ƙara da ma'aji. Gunduma, wadda Amurkawa ke kira kawunti, ita ce matakin mulki da ke ƙarƙashin jiha, kusan matsayin ƙaramar hukuma a Najeriya. Babu dokar tarayya guda da ta tsara waɗannan zaɓuka. Kowace jiha daga cikin jihohi 50 tana da nata tsarin, wani lokaci ma gundumomi biyu masu maƙwabtaka a jiha ɗaya sukan bambanta.

Zaɓukan ba su da amo irin na shugaban ƙasa, kuma mutane kaɗan ne ke fitowa. Amma waɗanda ake zaɓa su ne ke yanka harajin gidaje da filaye, su ke ɗaukar shugaban makarantu, su ke yanke hukunci a mafi yawan shari'o'in ƙasar, kuma a jihohi da dama su ke ƙirga ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa kansa. Saboda ƙarancin masu fitowa, ƙananan ƙa'idoji irin su ranar zaɓe, yadda aka yanka mazaɓu, da rubuta sunan jam'iyya ko rashin rubuta shi a takardar ƙuri'a, sukan yi tasiri mai yawa a kan wanda zai yi nasara.

Asali da yawan gundumomi

Turawan Ingila ne suka shigo da tsarin gunduma daga ƙasarsu. A 1634 aka raba yankin Bajiniya gida takwas, kowanne da kotunsa da sherif ɗinsa. A jihohin kudu da na yamma, inda gonaki ke nesa da juna, gunduma ta zama cibiyar mulki. A arewa maso gabas kuwa garuruwa ne suka riƙe iko, har jihar Connecticut ta soke gwamnatocin gundumominta a 1960, ita ma Rhode Island gundumominta suna ne kawai a taswira.

Akwai gundumomi sama da 3,000 a ƙasar. Teksas tana da 254, Delaware tana da uku kacal. Luwiziyana tana kiran nata da sunan farish, Alaska kuma boro. Girmansu ya sha bamban ƙwarai: Gundumar Los Angeles tana da mutane kimanin miliyan 10, fiye da yawancin jihohi, alhali ƙidayar 2020 ta samu mutum 64 a Gundumar Loving ta Teksas.

Kwamishinonin gunduma

Majalisar kwamishinoni ita ce ke mulkin gunduma. Yawanci tana da mambobi uku, biyar ko bakwai, da wa'adin shekara huɗu, kuma akan rarraba wa'adin yadda ba duka za su sauka lokaci guda ba. Ita ke zartar da kasafin kuɗi, ta ƙayyade harajin kadara, ta kula da hanyoyin karkara, gidan yari, ofishin lafiya da izinin gine-gine. A tsohon tsari kwamishinonin su ne masu yin doka kuma su ne masu zartarwa. Gundumomi da yawa yanzu sukan ɗauki ƙwararren manaja, wasu kuma jama'a ke zaɓar shugaban zartarwa kai tsaye. A Nuwamban 2024 masu zaɓe a Los Angeles suka amince a ƙara kujerun majalisarsu daga biyar zuwa tara, a kuma riƙa zaɓar shugaban zartarwa.

Sunayen muƙaman kan ruɗar da baƙo. A Teksas ana kiran majalisar kotun kwamishinoni, shugabanta kuma alƙalin gunduma, amma babban aikinsa mulki ne, kuma doka ba ta ce sai lauya ba. A Kalifoniya ana ce musu masu sa ido. Wasu gundumomin Jojiya kuma kwamishina ɗaya tilo suke zaɓa, shi ne majalisa shi ne zartarwa.

Rigimar da ta fi daɗewa a kan waɗannan kujeru ita ce ta yanka mazaɓu. A Gundumar Midland ta Teksas an raba kujeru huɗu ta yadda mazaɓar da ta ƙunshi kusan duk birnin Midland tana da mutum 67,906, sauran ukun kuma suna da 852, 828 da 414. Ke nan mutanen karkara da ba su kai 2,100 ba suna da kujeru uku, birnin gaba ɗaya yana da ɗaya. Magajin garin, Hank Avery, ya kai ƙara, kuma a 1968 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ƙa'idar mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ta shafi ƙananan hukumomi, dole mazaɓu su yi kusan daidai a yawan jama'a.

Akwai kuma tsarin da ba a yanka mazaɓu ko kaɗan, duk gundumar ce ke zaɓar kowace kujera. A ido tsarin ba shi da aibu, tunda ƙuri'ar kowa nauyinta ɗaya. Sai dai inda ake zaɓe bisa launin fata, ɓangaren da ke da rinjaye ko da kaɗan ne yakan kwashe kujerun duka. A Gundumar Burke ta Jojiya baƙaƙen fata sun fi rabin jama'a, amma su ne marasa rinjaye a rajistar zaɓe, kuma ba a taɓa zaɓar ko ɗaya daga cikinsu kwamishina ba. A 1982 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da ya ce an ci gaba da riƙe tsarin ne domin nuna wariya, aka raba gundumar mazaɓu biyar. A shekarar ne kuma majalisar dokokin tarayya ta yi wa Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965 gyara, ta yadda mai ƙara ba sai ya tabbatar da mugun nufi ba, nuna sakamakon wariya ya wadatar. Wannan ya buɗe ƙofar ƙararraki masu yawa a kudu. Gundumar Chilton ta Alabama, inda baƙaƙen fata ba su taru a wuri guda da za a yanka musu mazaɓa ba, ta bi wata hanya dabam: kowane mai zaɓe yana da ƙuri'u bakwai na kujeru bakwai, kuma yana iya zuba su duka ga mutum ɗaya. Da wannan tsari aka zaɓi Bobby Agee, baƙar fata, kwamishina a 1988.

Tun kafin waɗannan shari'o'i, masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata sun gane darajar muƙaman gunduma. A 1966, a Gundumar Lowndes ta Alabama, wata ƙungiyar siyasa ta baƙaƙen fata mai alamar baƙar damisa ta tsayar da 'yan takarar sherif, jami'an haraji da hukumar makarantu. Dukkansu sun faɗi. Bayan shekara huɗu, a 1970, jagoranta John Hulett ya ci kujerar sherif.

Hukumomin makarantu

Makarantun gwamnati na firamare da sakandare suna ƙarƙashin yankunan makarantu kimanin 13,000, kuma galibinsu zaɓaɓɓiyar hukuma ce ke tafiyar da su. A Filorida, Maryland, Nevada da Bajiniya ta Yamma iyakar yankin makarantu ita ce iyakar gunduma. Filorida tana da gundumomi 67, kowace da hukumarta. A wasu jihohin, irin su Teksas da Fensilbeniya, gunduma ɗaya kan ƙunshi yankuna da dama, kuma iyakokinsu ba lallai su bi na gunduma ba. Hawai ita kaɗai ce ke da yanki ɗaya na jiha baki ɗaya, kuma gwamna ke naɗa hukumarsa.

Mambobin hukuma yawanci biyar ne, bakwai ko tara, da yawansu ba su da albashi ko kuma ɗan alawus kawai suke karɓa. Aikinsu shi ne ɗaukar shugaban makarantu da sallamarsa, amincewa da kasafin kuɗi, ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar malamai, zaɓar littattafai a cikin iyakar da jiha ta gindaya, da yanke shawarar gina makaranta ko rufe ta. Gwamnatin tarayya kaso kaɗan take bayarwa na kuɗin makarantu, wajen ɗaya bisa goma. Sauran yana fitowa ne daga jiha da kuma harajin kadara na yankin, shi ya sa wanda ba shi da ɗa a makaranta ma zaɓen ya shafi aljihunsa. A wasu gundumomin Filorida da Alabama har shugaban makarantun jama'a ke zaɓa.

Wa ke da ikon yin wannan zaɓe tambaya ce mai tarihi. Ta ƙofar zaɓen makarantu mata suka fara jefa ƙuri'a a wurare da dama: Kentucky ta ba wasu matan da mazajensu suka rasu wannan dama a 1838, shekara 82 kafin mata su samu 'yancin zaɓe a duk ƙasar a 1920. Jihar New York ta taɓa taƙaita zaɓen wasu yankuna ga iyayen yara da masu gida ko masu haya, har wani gwauro mai zama a gidan iyayensa, Morris Kramer, ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1969. Bajiniya ce jiha ta ƙarshe da ta yarda a zaɓi hukumomin makarantu, a 1992. A San Francisco, tun 2018 iyayen da ba 'yan ƙasa ba suna iya zaɓar hukumar makarantu. Shikago, inda magajin gari ya daɗe yana naɗa hukumar, ta yi zaɓenta na farko a Nuwamban 2024, aka zaɓi 10 daga cikin mambobi 21.

A yawancin jihohi ba a rubuta jam'iyyar ɗan takarar hukumar makarantu a takardar ƙuri'a. Wannan bai hana zaɓen zama fagen rikicin aƙida ba. A 2004 hukumar yankin Dover a Fensilbeniya ta umarci a karanta wa ɗaliban ilimin halittu wata sanarwa da ke nuna shakku a kan nazariyyar juyin halitta, tana gabatar da ra'ayin cewa akwai mai tsarawa a bayan halittu. Wasu iyaye suka kai ƙara. Kafin a yanke hukunci sai zaɓe ya zo a Nuwamban 2005, kuma duk mambobi takwas da suka nemi komawa suka faɗi. A Disamba alƙalin tarayya ya ce matakin ya saɓa wa tsarin mulki, wanda ya hana gwamnati ɗaukaka wani addini, sabuwar hukumar kuwa ba ta ɗaukaka ƙara ba.

Bayan annobar korona rikicin ya ƙaru, a kan rufe makarantu, sanya takunkumin fuska, yadda ake koyar da tarihin wariyar launin fata, da littattafan da ke ɗakunan karatu. Ƙungiyar Moms for Liberty, da aka kafa a Filorida a 2021, ta riƙa mara wa 'yan takara masu ra'ayin mazan jiya baya, ƙungiyoyin malamai kuma suna mara wa nasu. A Fabrairun 2022 masu zaɓe a San Francisco suka yi wa mambobi uku kiranye. Tennessee ta ba jam'iyyu damar shiga zaɓen a 2021. A Filorida an kawo irin wannan gyara gaban jama'a a 2024, ya samu fiye da rabin ƙuri'u amma bai kai kashi 60 da ake buƙata ba.

Zaɓen alƙalai

Alƙalan tarayya shugaban ƙasa ke naɗa su, majalisar dattawa ta tabbatar, kuma suna kan kujera har ƙarshen rayuwa in ba su yi ritaya ba. Amma fiye da kashi 90 na shari'o'in Amurka a kotunan jihohi ake yin su, kuma jihohi 39 suna amfani da wani nau'in zaɓe ga aƙalla wasu alƙalansu. Kotunan farko, inda ake shari'ar laifuka, saki, gado da bashi, yawanci gunduma ce mazaɓarsu, ko gundumomi da dama a haɗe. Wannan al'ada ba ta da yawa a duniya. Ana samun irinta a wasu yankunan Suwizalan, Bolibiya ta fara zaɓar manyan alƙalanta a 2011, Meziko kuma ta yi zaɓen alƙalai na farko a 2025.

Misisifi ce ta fara zaɓar duk alƙalanta a 1832, New York ta bi a 1846, daga nan tsarin ya bazu. Manufar a lokacin ita ce a raba alƙalai da gwamnoni da 'yan majalisa masu naɗa 'yan korensu. Ba a jima ba sai jam'iyyu a manyan birane suka mamaye fidda 'yan takara, aka koma neman wata mafita. Wasu jihohin suka cire sunan jam'iyya daga takardar ƙuri'a. A 1940 Mizuri ta fito da tsarin da ake kira da sunanta: kwamiti ya tantance mutum uku, gwamna ya naɗa ɗaya, bayan ya yi aƙalla shekara guda a tambayi jama'a ko ya ci gaba ko ya sauka, ba tare da abokin hamayya ba. Ko a Mizuri ɗin, manyan kotuna da wasu manyan gundumomi ne ke bin wannan tsari, yawancin gundumomin karkara har yanzu da tutar jam'iyya suke zaɓar alƙalai.

Masu goyon bayan zaɓen suna cewa wanda ke da ikon ɗaure mutum ko raba shi da 'ya'yansa ya kamata jama'a su iya sauke shi. Masu suka suna kawo abubuwa uku. Na farko shi ne kuɗi, domin lauyoyin da ke bayyana gaban alƙali su ne sau da yawa ke ba da gudummawar yaƙin zaɓensa. A Bajiniya ta Yamma, bayan masu taimaka wa alƙali a Gundumar Boone sun ci kamfanin kwal na Massey diyyar dala miliyan 50, shugaban kamfanin Don Blankenship ya kashe kimanin dala miliyan 3 a zaɓen 2004 domin Brent Benjamin ya shiga kotun ƙolin jihar. Benjamin ya ƙi janyewa daga shari'ar, kuma da ƙuri'arsa aka soke diyyar da rinjayen 3 da 2. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ya wajaba ya janye. A 2015 kuma ta yarda jiha ta hana ɗan takarar alƙali roƙon kuɗi da kansa, a shari'ar wata lauya, Lanell Williams-Yulee, da ta nemi kujerar kotun Gundumar Hillsborough ta Filorida ta aika wasiƙun neman gudummawa da sa hannunta. Duka hukunce-hukuncen biyu da rinjayen 5 da 4 aka yanke su, abin da ke nuna ita kanta kotun ba ta da baki ɗaya a kan batun. Tun a 2002 ta riga ta ce ba za a hana ɗan takara bayyana ra'ayinsa a kan batutuwan shari'a ba.

Na biyu shi ne tsoron masu zaɓe. Wani bincike da Gregory Huber da Sanford Gordon suka wallafa a 2004 a kan alƙalan Fensilbeniya ya gano cewa hukuncin ɗauri yakan ƙara tsawo idan zaɓen alƙali ya matso. A Yunin 2018 masu zaɓe a Gundumar Santa Clara ta Kalifoniya suka tsige alƙali Aaron Persky saboda ɗaurin wata shida da ya yi wa wani ɗalibin Jami'ar Stanford da aka samu da laifin cin zarafin mace ta hanyar lalata. Shi ne alƙali na farko da aka yi wa kiranye a jihar tun 1932. Wasu sun ɗauki abin a matsayin adalci, wasu lauyoyin da ke kare marasa galihu kuma suka yi gargaɗin cewa darasin da sauran alƙalai za su ɗauka shi ne tsananta hukunci, kuma talakawa ne zai fi shafa.

Na uku shi ne rashin sanin 'yan takara. A Gundumar Cook, inda Shikago take, takardar ƙuri'a kan ɗauki sunayen alƙalai gommai masu neman ci gaba, kowanne yana buƙatar kashi 60. Daga 1990 ba a sake kayar da ko ɗaya ba sai a 2018. Inda ake rubuta jam'iyya kuwa, alƙalai sukan tashi ko su faɗi tare da guguwar da ba su suka tayar ba. A 2018 'yan jam'iyyar Democrat suka lashe duk kujerun alƙalai 59 da aka yi takara a Gundumar Harris, mai birnin Houston, cikinsu har da mata baƙaƙen fata 17 da suka ci sababbin kujeru. A lokacin mai zaɓe a Teksas yana iya dangwala wa jam'iyya sau ɗaya ya zaɓi duk 'yan takararta, damar da jihar ta soke daga 2020.

Sauran muƙamai

Sherif, wanda ke jagorantar 'yan sandan gunduma kuma yawanci ke riƙe da gidan yari, zaɓaɓɓe ne a kusan kowace jiha. Haka ma mai gabatar da ƙara, sai a jihohi kaɗan irin su New Jersey, Connecticut da Alaska inda ake naɗawa. Ana kuma zaɓar magatakarda, mai ƙiyasta darajar kadara, ma'aji, da jami'in binciken musabbabin mutuwa, wanda a wurare da yawa ba sai likita ba. A Michigan har kwamishinan magudanan ruwa zaɓarsa ake yi.

Ranar zaɓe da fitowar jama'a

Babban zaɓen tarayya yana faɗowa ne ranar Talata da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba, duk bayan shekara biyu. Kwamishinoni da sherif galibi a ranar ake zaɓarsu, amma zaɓukan makarantu da dama ana yin su a Afrilu ko Mayu, ko a shekarar da babu zaɓen tarayya. Masu kawo gyara na farkon ƙarni na 20 ne suka ƙarfafa wannan rabuwa, da hujjar nisanta makarantu daga siyasar jam'iyya. Sakamakon shi ne a irin waɗannan ranaku masu fitowa sau da yawa ba su kai kashi 20 na masu rajista ba, kuma sun fi karkata ga dattawa da masu gidaje. Sarah Anzia, a littafin da ta rubuta kan lokacin zaɓe, ta nuna cewa ƙungiyoyi masu tsari, irin na malamai da ma'aikatan ƙananan hukumomi, sun fi samun yadda suke so idan masu fitowa sun yi kaɗan. A 2015 Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa ƙananan hukumomin da ke fama da ƙarancin masu zaɓe su haɗa ranarsu da ta zaɓen jiha.

Haɗawar tana ƙara yawan masu zaɓe, amma tana tsawaita takardar ƙuri'a, kuma da yawa sukan zaɓi manyan muƙamai su bar na ƙasa babu alama. Kujeru masu yawa ba a ma yin takara a kansu, musamman na alƙalai da masu gabatar da ƙara. A gundumar da jam'iyya ɗaya ta fi ƙarfi, zaɓen fidda gwani shi ne ainihin zaɓen. Idan kuma aka yi kunnen doki, dokar jihohi da dama ta yarda a raba gardama da jefa kwabo ko zaro suna.

Tabbatar da sakamakon zaɓe

A yawancin jihohi gunduma ce ke rajistar masu zaɓe, ta buga takardun ƙuri'a, ta ƙirga, sannan ta tabbatar da sakamako kafin a aika wa jiha. An daɗe ana kallon tabbatarwar a matsayin sa hannu kawai, sai bayan zaɓen 2020 ta zama abin jayayya. A Yunin 2022 kwamishinoni uku na Gundumar Otero a New Mexico suka ƙi tabbatar da zaɓen fidda gwani, suna cewa ba su yarda da na'urorin ƙirga ba. Kotun ƙolin jihar ta ba su umarni, biyu suka bi, na ukun, Couy Griffin, ya ƙi. A Satumban shekarar wata kotu ta cire shi daga muƙami saboda rawar da ya taka a harin da aka kai ginin majalisar dokokin tarayya ranar 6 ga Janairun 2021.

A Nuwamban 2022 mambobi biyu daga cikin uku na majalisar Gundumar Cochise a Arizona, dukkansu 'yan jam'iyyar Republican, suka bar wa'adin tabbatarwa ya wuce. Gundumar tana da ƙuri'u kimanin 47,000, mafi yawansu na jam'iyyar tasu, kuma da an bar su a waje da ɗan takarar Republican ya rasa kujerar majalisar wakilai da ya ci. Alƙali ya tilasta tabbatarwar ranar 1 ga Disamba. A 2023 aka gurfanar da mambobin biyu, kuma a 2024 ɗaya daga cikinsu, Peggy Judd, ta amsa ƙaramin laifi na ƙin yin aikin da doka ta ɗora wa jami'in zaɓe.